Yadda Ake Cinikin Motar Gwaji Ba Tare da An Ruɗe Ka da Rangwame Ba

Duk wanda ya taɓa leƙa shafukan manyan dillalan motoci na Amurka, Ingila, Jamus, Dubai ko Afirka ta Kudu zai ga wasu motoci da ba a jera su cikin sababbi ba, ba a kuma jera su cikin na hannu ba. Ƙirar bana ce ko ta bara, kujerun tsaf, amma mita ta nuna an yi tafiyar kilomita 3,000 ko 8,000 da ita. A gefen tallar an rubuta demo, a ƙasa kuma an rubuta rangwame da manyan baƙaƙe. Su ne motocin gwaji: kamfanin dillancin ne ya ware su daga cikin sababbin da aka kawo masa domin masu son saye su ɗana, ko manaja da manyan ma'aikata su riƙa hawa, bayan 'yan watanni kuma a sa su a kasuwa.

Ana dacewa da su sosai, wannan babu musu. Sai dai adadin da ake rubutawa a matsayin rangwame yawanci ya fi na gaskiya girma, kuma abin da mai saye ke rasawa ya fi rataya a kan watannin da suka shuɗe fiye da tafiyar da mita ta nuna.

Me ke matsa wa dillali ya rabu da ita?

Ba da kuɗin aljihunsa dillali ke cika fili da motoci ba. Banki ne, ko reshen ba da bashi na kamfanin da ya ƙera motar, ke biya masa, shi kuma ya riƙa biyan kuɗin ruwa a kan kowace mota har ranar da ta fita. A ɗauka mota ta dala 35,000 ce, kuɗin ruwa kuma kashi 8 cikin 100 a shekara: dala 2,800 ke nan a shekara, wato sama da dala 230 duk wata, ban da inshora da wanki da mai. Motar gwaji ta riga ta ci wannan kuɗi na wata huɗu ko shida, darajarta kuma tana sauka kullum. Idan ta ƙara kwana ta zama kwantai.

Ajiye motocin gwaji kuwa ba ganin dama ba ne. Kamfanonin ƙira sukan sa shi cikin yarjejeniyarsu da dillalai, cewa lallai a sami irin ƙirar da ake yayi wadda mai saye zai shiga ya zagaya da ita. A madadin haka sukan ba dillalin wani tallafi, ko ragi a kan farashin da ya sayo ta, bisa sharaɗin ta yi wasu watanni ko wani adadin tafiya a wannan aiki. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce, wani ɓangare na faɗuwar darajar motar an riga an biya wa dillali shi. Saboda haka in ya ce maka a kan faɗuwa yake sayarwa, ka saurare shi da ladabi, amma ka ci gaba da lissafinka.

Akwai kuma batun cika adadi. Kamfanin ƙira yakan yanka wa dillali yawan motocin da zai sayar a wata ko a wata uku, da garaɓasa mai tsoka in ya cika. A Turai, da zarar an yi wa mota rajista ana lissafa ta cikin waɗanda aka sayar, ko da dillalin ne ya yi rajistar da sunansa. Shi ya sa a ƙarshen wata ake yi wa motoci rajista da sunan kamfanin dillanci domin a kai ga adadin. A Jamus har akwai waɗanda ake yi wa rajistar kwana ɗaya kacal, a soke, sannan a sayar da su da ragi. Wannan dabara tana da amfani na biyu: tana ba su damar karya farashi ba tare da sun taɓa farashin sabuwa da aka buga ba, don a takarda ai wannan ba sabuwa ba ce.

Ƙirar shekara mai zuwa ma tana korar motar gwaji. A Amurka sababbin ƙira sukan fara sauka tun kafin shekara ta ƙare, galibi daga ƙarshen bazararsu zuwa kaka. A Ingila lambar shekara da ke jikin farantin mota tana sauyawa sau biyu, a Maris da Satumba. Babu dillalin da ke son nuna wa mutane tsohon yayi.

Mataki na farko: gano mece ce ita a takarda

Kafin maganar kuɗi, ka tambayi mai sayarwa kai tsaye: an taɓa yi mata rajista da sunan wani, ko da kamfaninku ne? Amsar ita ce za ta tsara duk abin da ya biyo baya.

A Amurka yawancin motocin gwaji ba a yi musu takardar mallaka ba. Da lambar dillali suke yawo, takardar asali ta kamfanin ƙira kuma tana nan ba a canza ta ba, don haka a jihohi da dama har yanzu sabuwa ce a idon doka. Wannan yana da daɗi ga mai saye: kai ne mai ita na farko, sau da yawa kana da haƙƙin irin rangwamen da kamfanin ƙira ke bayarwa a kan sababbi, bashin sayenta kuma yakan zo da sauƙin kuɗin ruwa irin na sabuwa. Ƙari a kan haka, dokar tarayyar Amurka ta hana dillali sayar da sabuwar mota wadda kamfani ya yi kiranyenta saboda wata matsala ta tsaro har sai an gyara, amma wannan hani bai hau kan motar hannu ba.

A Ingila abin daban yake. Ana yi wa motar gwaji rajista da sunan dillali, don haka a takardar mota ta V5C kai ne za ka fito a matsayin na biyu. Ranar da za ka sayar, mai saye zai ga ta bi hannu biyu, ba kuma lallai ya tsaya jin bayani ba. Gwajin lafiyar mota na MOT, wanda ake fara yi bayan shekara 3, daga ranar waccan rajista ake ƙirga shi, ba daga ranar da ka saya ba.

Akwai wata da ake cusawa cikin wannan rukuni alhali ba irinsu ɗaya ba: motar aro da garejin kamfani ke ba wa abokan ciniki su riƙe kafin a gama gyara tasu. Ita wannan mutane barkatai ne suka tuƙa ta, kwana da kwanaki, babu ma'aikaci a gefe. A ganina ya kamata a yi mata ƙima kamar kowace motar hannu, komai ƙarancin tafiyarta. Wadda manaja ɗaya ya riƙe yana zuwa gida da ita ta fi ta kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Don haka tambaya ta biyu ita ce: wa ya riƙa hawanta?

Mataki na biyu: nemi ranar da garanti ya fara

A nan ne aka fi yin asara ba a sani ba. Garantin kamfanin ƙira yakan fara ƙirga ne daga ranar da aka sa motar cikin aiki, kuma sa ta aikin gwaji ma aiki ne. A Amurka garantin Toyota na gaba ɗaya shekara 3 ne ko mil 36,000, duk wanda ya riga cika. In motar ta yi wata takwas tana aikin gwaji ta kuma ci mil 5,000, abin da ya rage maka wata 28 ne ko mil 31,000. Haka ma sabis na kyauta da wasu kamfanoni ke haɗawa da sabuwar mota, agogonsa ya riga ya fara tafiya.

Wani lokacin ma abin ya wuce ragin watanni. Garantin Hyundai na inji da giya a Amurka, mai shekara 10 ko mil 100,000, na mai mota na farko ne kawai. Na biyu yana samun shekara 5 ko mil 60,000. Ka ga ke nan in an taɓa yin takardar mallaka da sunan dillali, dole ka tabbatar a wane matsayi kamfanin zai ɗauke ka. Kada ka tsaya a kan maganar baki. Sashen gyara na kamfanin dillancin zai iya sa lambar shasi a kwamfuta ya bugo maka ranar farawa da ranar ƙarewa. Ka karɓi wannan takarda ka riƙe.

Mataki na uku: lissafin farashi

Farashin da ke manne a gilashin sabuwar mota shawara ce ta kamfanin ƙira. In ban da lokacin ƙarancin motoci, irin wanda aka shiga a 2021 da 2022, mutane kaɗan ne ke biyan sa cif. Amma daga shi ake cire rangwamen motar gwaji a talla, domin adadin ya yi girma.

Abin da za ka yi shi ne ka ɓoye sha'awarka ga ta gwajin tukuna. Ka nemi farashin ƙarshe na sabuwa dal, irinta sak da kayanta iri ɗaya, daga dillalai biyu ko uku, a rubuce, bayan an cire duk wani rangwame an kuma haɗa duk wani caji. Wannan adadi shi ne ma'auninka.

Ga misali, da adadin da na ɗauka don bayani kawai. An manna wa sabuwa dala 35,000. Bayan ciniki da rangwamen kamfani an sallama maka ita a 32,500. Ta gwajin, mai mil 5,000 da wata shida a aiki, an sa mata 31,800, tallar kuma tana cewa ka sami ragin dala 3,200. Ragin gaskiya 700 ne. A kan dala 700 za ka karɓi motar da wasu suka tuƙa, garantinta kuma ya ragu da rabin shekara. Wannan ba ciniki ba ne.

To nawa ya kamata a cire? Ana buƙatar wani ma'auni da ba kai ka ƙirƙire shi ba, ba kuma dillali ba. Hukumar harajin Amurka takan fitar da ƙimar abin da tafiyar mil ɗaya ke ci wa mai mota. A 2024 senti 67 ne, daga ciki senti 30 na faɗuwar darajar mota ne. Mil 5,000 sau senti 30 ya ba da dala 1,500. Cire shi daga 32,500, saura 31,000. Wannan na tafiya ne kaɗai. Sai ka ƙara cire wani abu saboda garantin da ya ragu. Hanya mai sauƙi ita ce ka tambayi nawa ake sayar da ƙarin garanti na shekara ɗaya daga kamfanin, ka ɗauki rabinsa. In kuma ƙirar shekara mai zuwa ta riga ta sauka a fili, ragin ya kamata ya fi haka sosai, domin ranar da za ka sayar babu mai tambayar watan da ka saya, shekarar ƙira kawai za a duba. A wannan misali, ni ba zan wuce 30,500 ba, tayin farko kuma ƙasa da haka zan fara.

Ka kuma leƙa ta ɗaya ɓangaren: nawa ake sayar da irinta ta hannu mai shekara ɗaya? Farashin motar gwaji dole ya zauna tsakanin wannan da na sabuwa. In ya matsa kusa da na sabuwa, sayi sabuwar ka zaɓi launin da kake so. In an yi mata rajista, kamata ya yi ya karkata wajen na hannu.

Wani tarko kuma shi ne kayan ƙawa. Dillalai sukan zaɓi wadda aka cika da kaya su mai da ita ta gwaji, domin ta burge: kujerun fata, rufin gilashi, manyan ƙafafu, kyamara ta ko'ina. Sai mutum ya zo da niyyar sayen ƙaramar daraja, ya koma gida da babba saboda an ce akwai ragi, alhali ya kashe fiye da abin da ya yi niyya. Ragi a kan abin da ba ka buƙata ba riba ba ce. A Ingila ma har da haraji: motar fetur ko dizal da farashinta na asali ya haura fam 40,000 tana biyan ƙarin harajin hanya na shekara 5, kuma da farashin da aka buga ake lissafi, ba da abin da ka biya ba. Ko da an sallama maka ita a fam 36,000, harajin yana nan.

Mataki na huɗu: duba ta kamar ta hannu

Littafin yawancin motoci yana cewa a lallaɓa sabon inji a kusan kilomita 1,000 na farko: ban da gudu mai tsanani, ban da taka birki da ƙarfi in ba dole ba. Mai gwaji kuwa akasin haka yake yi, don abin da ya zo gani ke nan. Injinan zamani suna da juriya, ban ɗauki wannan a matsayin dalilin gudun motar ba. Abin da ya fi damuna shi ne gajerun tafiye-tafiye: a tayar, a zagaya minti goma, a kashe, inji bai ko yi zafi ba. Hakan yana gajiyar da batir da baƙin mai, a motar dizal kuma yana iya toshe matatar hayaƙi. Ka nemi a yi juyen mai da sauya matata kafin ka ɗauka, a kuma auna batir a gabanka.

Ka je da rana, da makanikin da ba na kamfanin ba. A duba gefen ƙafafu ko sun gogi bakin titi, ƙasan bamba, gefen ƙofofi, da kaurin fenti daga wannan ɓangare zuwa wancan. Akwai 'yar na'ura mai araha da ke auna shi, in wani wuri ya fi sauran kauri an sake fesa shi. A mota mai giyar hannu a ji yadda kulochi ke kamawa. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a jikin taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2324 mako na 23 ne na 2024. In taya ɗaya ta bambanta da sauran, ka tambayi dalili. Takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba takan nuna wata da shekarar da aka ƙera motar. A motocin kasuwar Amurka harafi na 10 cikin 17 na lambar shasi shi ne shekarar ƙira: P 2023, R 2024, S 2025.

Kada ka dogara da rahoton Carfax, kamfanin da ke tattara tarihin motoci, ko makamancinsa kaɗai. In an ƙwarzane motar a filin dillali aka gyara ta a garejinsa, babu inshora babu 'yan sanda, da wuya ya fito a rahoto. Wannan ba zargi ba ne kawai, an taɓa zuwa kotu a kan irinsa. A 1990 wani likita a jihar Alabama ya sayi sabuwar BMW ta kusan dala 40,000, daga baya ya gano an sake mata fenti kafin a sayar masa. A shari'a ta bayyana cewa tsarin kamfanin a lokacin shi ne, in gyaran bai kai kashi 3 cikin 100 na farashin mota ba, ba a faɗa wa kowa. Maganar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda a 1996 ta ce tarar da aka yanke wa kamfanin ta yi yawa. Kafin nan, a 1987, an tuhumi Chrysler da sayar da motoci sama da 60,000 a matsayin sababbi alhali manyan ma'aikatan masana'anta sun tuƙa su da mita a cire, har shugaban kamfanin, Lee Iacocca, ya fito ya nemi afuwa. Don haka ka nemi tarihin duk aikin da garejinsu ya yi wa motar, da kuma rubutacciyar shaida cewa ba a yi mata gyaran bodi ba, ko bayanin wanda aka yi.

Mataki na biyar: lokaci da rubutu

Ƙarshen wata, ƙarshen wata uku, da lokacin saukar sabuwar ƙira, su ne lokutan da hannun dillali ya fi sakewa. Ka yi ciniki a kan jimillar kuɗin da za ka biya, ba abin da za ka riƙa biya duk wata ba. In kana da tsohuwar mota da za ka ba su musaya, a gama cinikin ta gwajin kafin a buɗe na tsohuwar. In an ce albarka, ka bar lambar wayarka ka tafi. Motar gwaji ɗaya ce tak, amma kuɗin ruwanta bai daina hawa ba.

A takardar ciniki a rubuta adadin da mita ta nuna ranar da ka ɗauka, domin wasu sukan ci gaba da hawan motar bayan an ba da kafin alƙalami. A rubuta matsayinta, sabuwa ko ta hannu, da ranar fara garanti. Ka karɓi makulli biyu, a kuma goge wayoyin da aka haɗa da ita da asusun manhajar da ke iya buɗe ta ko gano inda take daga nesa.

In gida za a kawo ta

Ga mai son sayowa daga waje ya kawo Kano, Kaduna, Maraɗi ko Yamai, lissafin yana sauyawa. Motocin Ingila, Japan da Afirka ta Kudu sitiyarinsu a dama yake. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, Ghana a 1974, Nijar ma a dama ake tuƙi, don haka mai sitiyarin hagu ake nema: ta Amurka, Kanada, Jamus, Beljiyam ko ƙasashen Larabawa na yankin Gulf.

Garantin da muka daɗe a kansa yawanci na yanki ne. Na Amurka ba ya bin mota zuwa Afirka ta Yamma, wakilin kamfanin a nan kuma ba dole ba ne ya karɓe ta kyauta. Wasu dillalan Amurka ma ba sa yarda su sayar da motar da ba a taɓa yi wa rajista ba ga wanda suka san fitar da ita zai yi, saboda yarjejeniyarsu da kamfanin ƙira ta hana. Sannan tun 2022 Kwastam ta Najeriya ta fara amfani da lambar shasi wajen ƙimanta kuɗin fito, don haka kada ka sa rai ragin da ka samu a can zai rage abin da za ka biya a tashar jirgin ruwa. Ka sa wakilinka na fito ya ba ka adadin kafin ka tura ko sisi.

A cikin gida kuwa, manyan wakilan kamfanonin motoci a Legas da Abuja su ma suna da motocin nuni da na gwaji, sai dai ba kasafai ake tallata su ba. Tambaya ake yi. Amma kada ka zo da tsammanin irin ragin Turai. Bayan da aka saki naira a Yunin 2023 farashin dala ɗaya ya tashi daga wajen naira 460 ya haura 1,500 a farkon 2024, dillali yana auna motar da ke hannunsa ne da abin da zai kashe ya kawo madadinta, ba da abin da ya sayo ta ba. A irin wannan yanayi ya fi sauƙi ka samu ƙari ta wata hanya: sabis kyauta na shekara ɗaya, rajista da lamba a kan kuɗinsu, sababbin tayoyi, ko rubutaccen alkawari cewa garanti zai fara daga ranar da ka ɗauki motar.